Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: labari fa?

Mai Alƙalami: Jama'a, wasu marubuta na kafa hujja da wannan karin magana, wai a sallami mai ba da labari, taurari, wato mutanen cikin labarin, su yi magana da bakinsu. Ta ɗauki wannan nauyin kuwa?

Goggon Gizo: Ba ta ɗauka ba, Malam. Manufarta a ji zance daga tushe, kuma "mai ita" ɗin ai mai ba da labari ne. A Ruwan Bagaja na 1934, tauraron littafin, Alhaji Imam, ke faɗin tafiyarsa da bakinsa. Waƙa na bakin mai ita, amma mai labarin bai je ko'ina ba.

Ɗan Dandali: Goggo, wasan kwaikwayo fa? Daga suna sai magana.

Goggon Gizo: Ɗana, wa ya rubuta "ta shigo tana kuka" a cikin baka biyu? Mai ba da labarin ne, ɓuya ya yi.

Ɗan Dandali: A takarda kin yi gaskiya. A dandali kuwa ba mai karanta wannan, kukan ake gani, gani ya kori ji. Ko a takardar ma ana yin rubutun zube, wato labari irin na littafi, da hira zalla, sai dai da sharaɗi. Mace da namiji ba wuya, "ka" da "ki" sun raba gardama. Maza biyu ne aiki: magana ta kai juyi biyar ko shida, mai karatu ya manta wa ke magana. Maganinsa kowa da kiransa, wannan ya ce "ranka ya daɗe", wancan ya ce "kai yaro". Mutum uku kuma dole a riƙa kama suna. Lokaci ma a baki ake sa shi: "har an kira la'asar?"

Mai Alƙalami: Inda marubutan suka fi faɗuwa shi ne tarihin baya. Sai miji ya ce wa matarsa, "Kin san shekararmu goma da aure, 'ya'yanmu uku." Wa ke faɗa wa matarsa haka? Mai labarin da aka kora ta ƙofa ne ya shigo ta bakin mijin. Gara a sako baƙo da bai san komai ba, ya yi ta tambaya.

Goggon Gizo: To, wanda ya kawo baƙon daidai lokacin, ya kuma katse hirar a inda ya so, sunansa wa?

Ɗan Dandali: Marubuci, Goggo. Shi da mai ba da labari ba ɗaya ba ne. Aku ke zuba labari a Magana Jari Ce, Abubakar Imam ke riƙe da alƙalami.