Wa ya san wani burodin 'yan Filifin wai shi ensaymada?

Maman_Hanifa:
Slm 'yan uwa. Wata 'yar Filifin da muke aiki tare a nan Jidda ta kawo min wani burodi mai laushi kamar auduga, an naɗe shi kamar gammo, samansa an shafa bota an barbaɗa sukari da gurzajjen cuku. Wlh biyu na ci a zaune, sai da na gama nake tunanin me ma aka zuba ciki, ga likita ya ce in rage zaƙi. Dan Allah wa ya san shi?

Baffa_Kurmi:
Wslm Hajiya. Asalinsa ba na Filifin bane, daga tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen ya zo, ai Sifaniyawa sun mulki Filifin tun 1565 har 1898, shekara ɗari uku da ɗoriya. Sunan ma daga kalmar saïm yake, wato kitsen alade a yaren mutanen tsibirin, da shi suke kwaɓa nasu.

Maman_Hanifa:
Innalillahi!! Baffa ka tayar min da hankali fa

Anti_Rabi:
Kwantar da hankalinki 'yar uwa, kitsen alade a Jidda a ina zata samo shi? Yawancin na Filifin da bota ko majarin ake yi, da gwaiduwar ƙwai da madara, shi yasa yake laushin nan. Sai dai in a wata ƙasa ne ki tambaya, don akwai masu ɗora naman alade a sama. Na garin Malolos da ke Filifin kuma ƙwan agwagwa mai gishiri suke yankawa a kai, suna ci da kofi ko cakulan mai zafi da la'asar, lokacin da suke kira merienda, a Kirsimeti ma har kyauta ake yi da shi.

Ni maganar likitanki ce ta fi damuna, farar fulawa ce zalla ba dusa, ga sukari ciki da waje, ga mai, kuma giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sukari 4, to ki lissafa bota a ƙullu bota a sama. Ƙwan da cukun suna ɗan gina jiki amma kaɗan ne. Rabi ya isheki, da shayi ba sukari.

Maman_Hanifa:
Na tambaye ta Anti, majarin ne alhamdulillah. Ta ce jibi zata kawo mai ube, wata doya ce wai mai launin shunayya, rabin dai zan gwada in Allah ya yarda 😅