Takwarar Malama: Musayar Baituka

Tambaya ta zo daga Sinnar ta ƙasar Sudan: an haifi mace, za a mayar mata da sunan gwaggon ubanta, Asma'u, wadda ta ƙarar da rayuwarta wajen karantar da mata. Yaya ake yi?

Baffa na Maiwurno:

'Yata, ki ƙirga bakwai da kulawa,
In bayan alfijir aka yi haihuwa,
Wannan yinin ba ya cikin ƙirgawa,
Haka Malikiyya suke karantarwa.
Rago guda ne, babu bambantawa,
Mace ko namiji, shekara da cikawa.
Mai ido ɗaya ko gurgu ba ya yiwuwa.
A raɗa suna da hantsi, sai yankawa,
A aske gashin, a kai shi aunawa,
Nauyinsa azurfa a ba talakawa.

Gwaggo ta Gadarif:

Baffa, ka gama fiƙihu ka bar ɗaki,
Can kuwa ne ake babban aiki.
Uba bai furta sunan gwaggonsa da baki,
Sai ka ji Nana, Ummi, ko Mami.
Kawu ya je rajista da hanzari,
Ya rubuta Ummi, ya dawo gari,
Makaranta ta sa Asma'u a daftari,
Ranar jarrabawa a shiga garari.
Sunan yanka ake sa wa tun fari,
Uba, kaka, uban kaka, huɗu a jeri.

Alaramma na Kasala:

Suna kaɗai ba ya gadon malanta,
Sai an ɗora allo a kan cinyarta.
Na aduwa za a sassaƙa mata,
Ƙarami, daidai ƙarfin hannunta.
Baƙin tukunya a kankaro don tawadarta,
Ƙaron dakwara ya kwana a ruwa, a tace mata.
In ƙaro ya yi yawa, danƙo ya kama ta,
Alƙalami ya cije, ya ƙi sakin ta.
In ya yi kaɗan, da zarar bushewarta,
Yatsa ya goge aya kafin a karanta.
Babbaƙu farko, kada a gaggauta,
Farfaru sai baƙi ya zauna a bakinta.

Malama ta Umdurman:

Alaramma, akwai rami a gaba,
Wanda iyaye ba su lura da shi ba.
Allonmu Warshu ne, rubutun Magariba,
Fa ɗigonta ƙasa, ba a sama ba,
Ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ba biyu ba.
Littafin makaranta bai bi haka ba,
Ƙaf ɗinta ta gida can fa ce, ku duba!
Yarinya ta rikice, a ce ba ta iya ba,
Har a ce ba ta biyo mai suna ba.
A buɗe mata mus'hafi biyu ta duba,
Amma a hadda ba a haɗa ruwaya ba.

Baffa na Maiwurno:

Ku gaya mata tushen sunan da girmamawa:
Nana Asma'u 'yar Shehu, 1793 aka yi haihuwa,
Jajinta, malamai mata, da malfa ƙauyuka suke zagawa,
'Yan taru, mata ɗalibai, na binsu, waƙe suke koyarwa.

Gwaggo ta Gadarif:

To, gafakar marigayiya gwaggon uba fa, ina take?
Kar a bar ta ƙasa, gara na nan a laɓe.
A rataye ta da igiya nesa da bango,
Bayan damina a shanya a inuwa ta bushe,
Ganye ganye, kar a rikita jerin warƙa.
Sai yarinya ta kai izu goma a miƙa mata.