Shekara biyar a NDA: horo ne ko ɓata lokaci?

Tsohon Sajan: Ni dai ra'ayina bai canja ba, shekara biyar a NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, ta yi yawa. Huɗu ana karatun digiri, ta ƙarshe ce kawai ta aikin soja zalla. Sandhurst ta Ingila mako 44 take yi ta yaye hafsa. Ga yaƙi a Borno, ga 'yan bindiga a Zamfara, mu kuma muna zaman jiran yaro ya gama jarrabawa.

Maman Khalil: Baba Sajan, Allah ya ƙara girma, amma yawancin masu shiga Sandhurst sun riga sun gama jami'a. Namu daga sakandare suke fitowa, wani shekararsa 17. A ba wannan yaron anini a kafaɗa bayan wata goma, a damƙa masa rayukan 'ya'yan mutane?

Ɗan Kawo: Kuma wa ya ce shekara huɗun nan zaman aji ce kawai? Tun ranar da ya shiga harabar makarantar a Afaka za a yi masa aski, a jefa shi bataliya, ko Dalet, ko Mogadishu, ko Burma, ko Abyssinia, kuma sunanta ya bi shi ke nan har ritaya. Gudun asuba, fareti, duba kaki da takalmi, ga na gaba da shi da ba ya ɗaga masa ƙafa. A haka yake koyon bin umarni, daga baya shi ma a ba shi ƙanana ya koyi bayarwa. Wannan ba ya samuwa a gaggauce.

Tsohon Sajan: Ɗana, sai 1985 aka fara ba da digiri a can. Waɗanda aka yaye kafin nan su suka shiga yaƙin basasa, su suka ja ragamar ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya a 1990. Wane digiri ya taimake su?

Malamin Tarihi: Baba, ba mai raina waɗancan mazaje. Sai dai da aka buɗe makarantar a 1964 hafsoshin Indiya ne suka ɗora ta, shugabanta na farko Birgediya Varma ne. Indiyar kanta a yau shekara uku ɗalibin soja yake yi a makarantar hafsoshinsu ta Khadakwasla ya fito da digiri, sojan ƙasa ya ƙara shekara a Dehradun. West Point ta Amurka shekara huɗu ce, da digiri. Hafsan da zai sarrafa jirgi marar matuƙi ko na'urar sadarwa dole ya san lissafi da kwamfuta.

Maman Khalil: Ai gajeren kwas ma yana nan, na masu digiri, watanni suke yi.

Tsohon Sajan: To a ƙara yawan masu gajeren kwas ɗin. Na yarda da karatu, amma a rage shekara ɗaya daga aji a mayar da ita daji.

Ɗan Kawo: In aka rage, Baba, hukumar jami'o'i ba za ta amince da digirin ba.