In mai sarauta ya rasu a gidanku, wa aka naɗa?

Bakano: Salam jama'a. Baffanmu dagacin garinmu Allah ya yi masa rasuwa, yanzu gida ya rabu biyu, babban ɗansa yana nema ƙanin marigayin ma yana nema, har ta kai matan gidan ba sa gaisawa. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan a gidansu ya faɗa mana yadda aka ƙare, abin na damuna wallahi.

Ɗan Dagaci: Allah ya jiƙan baffa. Mu ma mun ga haka. Ka gaya wa ɗan nasa sarauta ba gona ba ce da alƙali zai raba, duk wanda ubansa ko kakansa ya taɓa riƙewa yana da ikon nema. Mu hakimi ne ya tara dattawan gari ya kai sunaye fada, aka ba ƙanin babanmu. Ranar naɗi yayanmu idonsa jajur amma shi ya riƙe masa linzamin doki har ƙofar gida, kuma da baffan ya rasu rawanin ɗakinmu ya dawo ba wanda ya ja da shi.

Bazazzagi: Mu a Zariya ai gidaje huɗu ne, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Ina gari a 2020 da Sarki Shehu Idris ya rasu, kowace majalisa lissafin masu nema ake yi, ƙarshe aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli yana Magajin Gari, alhali Mallawa rabonsu da ita kusan shekara 100. Kakata Bamalliya ce, kuka ta dinga yi tana cewa ba ta zaci za ta gani da idonta ba.

'Yar Hakimi: Ni abin da ke min ciwo shi ne zancen ɗan mace. Ɗana a gaban babana ya tashi, shi ke ɗaukar masa buta da alkyabba, ya san kowane mai unguwa da sunansa, amma da aka zo nema ko sunansa ba a rubuta ba, wai jinin wani gida ne.

Bakano: Allah sarki Hajiya, haka abin yake a wajenmu ma.

Jikan Attajiri: A bambance dai. Akwai ta gado irin Madakin Kano da ke gidan Yolawa, Makama na Joɓawa, Sarkin Bai na Dambazawa, waɗannan ba sa fita. Akwai kuma wadda sarki ke ba mutum don hidimarsa, irin ta kakanmu kenan, yana rasuwa aka ba wani gida can daban, babanmu ya je ya yi mubaya'a ya dawo.

Ɗan Dagaci: Bakano ku samu dattijon da duka biyun ke jin nauyinsa ya zaunar da su kafin sunaye su tafi wajen hakimi, in suka riga suka tafi sulhun ya fi wuya.

Bakano: Na gode yallaɓai. Limamin garin abokin marigayin ne, gobe bayan asuba zan same shi insha Allah.