Zafin ƙarshen damina a Kaduna: alamar hadari ce ko damina ce ke bankwana?

Mazaunin Rigasa:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana yanayi ce da kuma manoman da ke wannan zaure. Tun da watan Satumba ya raba, zafi ya dawo garin Kaduna da ƙarfinsa, irin zafin nan mai naci da ke hana barci ko da dare ya tsala, alhali a watan Agusta har mayafi ake nema da asuba. Wasu na cewa duk ranar da aka yi irin wannan zafi to hadari na tafe da yamma, wasu kuma na cewa damina ce ke tattara kayanta. Wanne ne daidai, kuma me ya sa hadarin wannan lokaci ya fi na tsakiyar damina tsawa da iska? Masu masara da yawa suna son fara shanya, amma suna ɗari-ɗari.

Malamin Labarin Ƙasa, Zariya:

Wa alaikumus salam. Malam, kowace daga cikin maganganun biyu tana da gaskiyarta, sai dai ba ta cika ba. Ruwanmu yana zuwa ne da iskar kudu maso yamma, wadda ke kwaso danshi daga tekun Atlantika tana tura busasshiyar iskar Sahara arewa, har ta kai maƙura a watan Agusta, can cikin Nijar. A lokacin gajimare yakan rufe samaniyar Kaduna kusan kullum, shi ya sa ake malka, kuma da ƙyar zafin rana ke wuce digiri 28 ko 29. Daga Satumba iskar takan fara janyewa kudu, gajimare ya ragu, ita kuwa rana tana nan kusan tsaye a kanmu, domin a ƙarshen Agusta ne take ratsa tsakiyar samaniyarmu karo na biyu a shekara, bayan na tsakiyar Afrilu. Sai ta tarar da ƙasa jiƙe sharkaf, ta yi ta tayar da tururi. A Oktoba ma'auni yakan nuna digiri 31 zuwa 33, wanda bai kai na bazara ba da ake haura 35, amma mutum yakan ji kamar ya fi, saboda iska ta ƙoshi da danshi, zufa ba ta bushewa, alhali bushewar zufa ce ke sanyaya jiki.

Shi zafi makamashi ne kawai, ba ya haɗa hadari shi kaɗai. Sai ya sami danshi a ƙasa ya ɗaga shi, danshin ya tarar da sanyi a sama ya dunƙule, girgije ya yi tsiri har kilomita 12 ko fiye, a cikinsa ƙanƙara na gogayya da juna har wutar lantarki ta taru ta fashe da walƙiya. Abin da ke ƙara wa hadarin ƙarshen damina ƙarfi shi ne busasshiyar iskar da ta fara kutsowa ta tsakiyar sararin sama. Ruwan da ke faɗowa ta cikinta wani ɓangarensa yakan koma tururi, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi, ta rikito ƙasa ta bazu. Ita ce iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa, mai yaye kwano da karya turakun lantarki. Galibin irin wannan hadari daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kuma da yawansa a kan tsaunukan Jos yake haɗuwa da rana, ya iso mana da magariba ko cikin dare.

Dattijo daga Kujama:

Allah ya ƙara basira, Malam. Abin da zan ƙara wa ɗan'uwanmu na Rigasa shi ne, mu manoma ba zafi muke dubawa ba, iska muke dubawa. Muddin iskar safe tana fitowa daga kudu, kuma da hantsi ana ganin ƙananan gizagizai suna tasowa, to ruwa bai ɗauke ba, ko da an yi kwanaki ba a ga ɗigo ba. Ranar da iska ta juya ta arewa maso gabas, leɓe ya fara bushewa, asuba ta yi sanyi amma rana ta yi ƙuna, to hunturu ya leƙo. Kuma jihar nan ba lokaci guda ruwa ke ɗauke mata ba, domin wajen Ikara da Maƙarfi yakan riga tsayawa, alhali Kafanchan da Kagoro suna sha har ƙarshen Oktoba. Wanda zai shanya masara ya shimfiɗa ta a kan tamfol, ya kwashe kafin la'asar ta yi sanyi, domin masarar da ruwa ya sake dukanta tana yin fumfuna, kuma irin wannan fumfuna tana da dafin da ke cutar da hanta. Mai dawa da wake kuwa addu'a yake yi a ƙara masa ko da ruwa biyu ne, sai dai ba ya son iskar da ke kwantar da kara.

Ma'aikaciyar Jinya, Barnawa:

Baba ya gama maganar gona, ni kuma zan taɓo ta lafiya. Jarirai da tsofaffi su ne wannan zafi ya fi galabaitarwa, musamman a ɗakunan kwano marasa silin, don haka a riƙa ba tsofaffi ruwa kafin su nema, jarirai kuma a yawaita shayar da su nono. Game da tsawa, fakewa a gindin bishiya shi ne babban kuskuren makiyaya da masu aiki a fadama. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa 3, saboda haka wanda ya ga walƙiya ya ji ƙara kusan nan take ya san tana kusa da shi. A shiga ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe, a jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe. Wanda tsawa ta faɗa wa kuwa babu wuta a jikinsa, a taimake shi nan take a garzaya da shi asibiti, kada camfi ya sa a tsaya kallo.

Mazaunin Rigasa:

Na gode ƙwarai. Saura tambaya ɗaya, Malam: idan waya ta nuna yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100, sannan ba a yi ba, ƙarya ta yi ke nan?

Malamin Labarin Ƙasa, Zariya:

A'a, ba ƙarya ba ce. Ma'anarta ita ce, a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, ana sa ran shida za a sami ruwa a wurinka, huɗu ba za a samu ba. Hadarin ƙarshen damina tsinke-tsinke yake zuwa, yana iya cika kwatocin Kawo da Mando alhali a Sabon Tasha ƙura ce ke tashi, kuma babu na'urar da za ta iya faɗa tun da safe unguwar da zai sauka. Shi ya sa hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, a hasashenta na kwanaki uku-uku, takan ce ana sa ran tsawa da ruwa a wasu sassan jiha ba tare da ta ware unguwa ba. Mai shanya ya duba hasashen da safe, sannan daga azahar ya riƙa ɗaga kai yana duban gabas.