Ina shan Septrin, an kuma ba ni ƙwaya ukun awo, ya zan yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Cikina wata biyar. Tunda muka bar Rigasa muka koma Kawo gidan surukata ban samu sukuni ba, banɗaki ɗaya da jama'ar gida duka, ruwa sai an saya wajen 'yan ga-ruwa, maigida yana Legas sai ƙarshen wata, Hajiya kuma duk abin da na faɗa sai ta ce raki ne irin na yaran zamani. To fitsari ya fara min zafi, mai kemis ɗin layinmu ya ba ni Septrin, biyu safe biyu dare. Jiya a wajen awo aka ba ni ƙwaya ukun nan na maleriya, na ce sai na je gida zan sha. Yau na tashi leɓena ya yi baƙi yana ƙaiƙayi. In sha ukun ko in bari?

Uwar Biyu: Sanyi ne kawai. Ni duk cikina da Septrin nake maganinsa, ga yarana nan garau. Ki haɗa da jiƙon kanumfari.

Anti Mai Famasi: Ƙanwata, ajiye duka biyun yanzu. Ƙwayar awon nan Fansidar ce, akwai sulfadoxine a ciki, Septrin kuma sulfamethoxazole ne miligiram 400 da trimethoprim 80. Dangi ɗaya ne, dangin salfa, shi ya sa mai shan Septrin ba a ba ta Fansidar. Aikinsu hana ƙwayar cuta haɗa sinadarin folik, shi kuwa folik ɗin jariri na buƙatarsa, don haka ba maganin da mai ciki za ta saya kai tsaye ba ne. Gab da haihuwa ma yana iya ƙara wa jariri haɗarin ciwon shawara. Baƙin leɓen nan ya fi damuna. In jikinki ba ya karɓar salfa kika sha Fansidar, sai ta fi mako a jini, ba yadda za a ciro ta. Ya taɓa yi miki haka?

Maman Ilham: Ya taɓa, tun ina budurwa, a wuri ɗayan ma, amma da kansa ya baje. Kuma mai kemis ɗin ba ɗan koyo ba ne, duk unguwa wajensa ake zuwa.

Gimbiyar T/Wada: Ke ma kin samu an ba ki. Inda nake awo tun asuba muke layi, ƙarshe a ce magani ya ƙare mu saya a waje, ga faɗan ma'aikata kamar mu muka ɗaura wa kanmu.

Uwar Biyu: Anti kina tsorata ta fa. Kakanninmu Em-an-bi suka sha.

Anti Mai Famasi: Em-an-bi ma salfa ce, tun 1938, kuma an daina ta. Dawowar tabo wuri ɗaya alama ce ta cewa jiki ya ƙi maganin. In zazzaɓi ya zo, ko baki da ido suka fara ƙuraje, ko fata ta fara salewa, asibiti ko tsakar dare ne. Gobe ki koma ki nuna musu leɓen da fakitin, a gwada fitsari a sauya magani, a rubuta a katinki. Ki kwana cikin gidan sauro.

Maman Ilham: Anti na ji, amma zafin fitsarin ya ragu sosai, saura kwana biyu in gama. Kuma in na ce zan koma asibiti gobe Hajiya za ta ce kuɗin ɗanta nake ɓarnatarwa. Ba zan iya ƙarasa Septrin ɗin in bar ukun sai wani satin ba?

Gimbiyar T/Wada: Surukai dai! Tawa har katin awona ta taɓa ɓoyewa.