Musayar Waƙa: Kason Ƙaramar Hukuma

Ɗan Kurmi: Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ga nawa:

Kotu ta ce kaso ya tafi ga mai shi,
Asusun haɗin gwiwa a bar taɓawa.
Famfon garinmu shekara bai ɗiga ba,
Kantoma sai ya ce sama ke hanawa.

Bazazzagiya:

Ƙanena, naku a Kano arba'in da huɗu ne,
Bayelsa takwas, can mai ake haƙowa.
Kafin ka zagi gwamna leƙa tukunya,
Wa ke zubawa, wa ke yawan ɗebowa?

Ɗan Kurmi:

Yaya, dalar gyaɗa a Kano ta tashi,
Jirgin ƙasa ya kai Ikko don sayarwa.
Gumin manomi ne ya kafa jami'arku,
Samaru na nan, je ki tambayo Sardauna.

Malam Na-Sakkwato: Tsaya, Ɗan Kurmi. Ka taho da amsa-amon "wa", ka ƙare da "na". Ɗango na uku kuma ya yi ɗingishi.

Ɗan Dala: Malam, ko da ɗingishi Bakano ya kai gida! Allah ya ƙara basira, Ɗan Kurmi.

Malam Na-Sakkwato: Son kai ne wannan. Ka rera shi da baki ka ji inda ya karye.

Ɗan Dala: Na rera sau nawa, lafiya lau yake zuwa. Baitin Hajiya fa, "Wa ke zubawa" bai yi tsawo ba?

Bazazzagiya: Ku bar ni da shi. Sai yanzu na dawo daga aiki.

Ka tuna gyaɗa ka mance audugarmu,
Bakano in ya ci riba bai faɗawa.
Ironsi ya haɗe ƙasa wuri guda,
Mayun 1966 aka ƙi yardawa.
Gowon ya yanka jiha sha biyu, yau talatin
Da shida, kowa Abuja yake dubawa.

Malam Na-Sakkwato: Hajiya, shekarar nan ta shaƙe ɗangon, amma maganar ta zauna.

Bakatsine: Yaya da ƙane duk kun bar ciyaman a baya.

A ba shi kuɗin, to wa ya ba shi kujera?
Hukumar zaɓen jiha ke shiryawa.
Jam'iyyar gwamna ta kwashe su kakaf,
Kansila ko ɗaya ba a bar wa 'yan adawa.
In ya ji kiran gidan gwamnati da dare,
Da kansa zai ɗau kason ya je miƙawa.

Ɗan Kurmi: Wannan ta taɓa ni. Zan amsa bayan isha'i, kuma Malam ya shirya ma'auninsa.